Fasa Kankare a Gidajenmu Ba Aikin Guduma Kaɗai Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi duk magidancin da ya mallaki gidan siminti a garuruwanmu, wato yadda ake fasa kankare idan an tashi yi wa gida gyara ko ƙari. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya a nan Kano, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a gidana bara, da kuma abin da na koya daga bakin masu sana'ar a sanadiyyarsa.

Lokacin da na gina gidan, shekaru da dama da suka wuce, na yi masa rufin dekin da niyyar in ɗora bene idan Allah ya hore, amma ban bar gurbin matattakala a ciki ba, domin a wancan lokacin na ɗauka ta waje za a yi ta. Da auren babban ɗana ya taso, muka yi shawara a ɗora masa ɗakuna a sama, kuma a fitar da matattakalar ta cikin falo. Na kira maginin da na saba da shi, mutum mai amana wanda har yau ba na zarginsa da mugun nufi, ya zo ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce aikin kwana biyu ne. Washegari ya zo da leburori biyu, da babbar guduma, da kurfi, suka hau sama suka fara duka. Kwana uku suna bugu, gidan yana amsawa tun daga tushe, har kwanukan da ke jere a ɗakin uwargida suna kaɗawa. Da kankaren ya zube, rodunan suka bayyana kamar raga, sai ya aiko aka karɓo injin giranda a wajen mai walda, ya yanke su ɗaya bayan ɗaya. Babu ko gora ɗaya da aka tokare rufin da ita daga ƙasa, ni kuma ina tsaye ina yi musu sannu da aiki, domin ban san akwai abin tambaya ba.

Ba a yi mako biyu ba sai ga wata siririyar tsaga ta taso daga kusurwar ramin, ta ratsa rufin falon ta nufi bangon gabas. Na sa fensir na yi alama a inda ta tsaya, bayan kwana huɗu na tarar ta wuce alamar da kusan taƙi guda. Ƙofar da ke shiga tsakar gida, wadda a da da ɗan yatsa ake tura ta, ta koma sai an sa kafaɗa. A nan ne hankalina ya tashi, na nemi wani tsohon ɗalibina wanda yanzu injiniyan gine-gine ne. Ya zo bayan la'asar, ya hau sama ya daɗe, ya sauko ya tsuguna a gabana kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya ce, "Malam, don Allah a fitar da iyali daga falon nan yau, kada a bari sai gobe." A daren nan aka kawo katakai da gora aka tokare rufin, muka kwana a ɗakunan baya.

Bayanin da ya yi mini shi ne nake so masu karatu su ji, domin na tabbata da yawa daga cikinmu muna kwana a ƙarƙashin dekin ba tare da mun san abin da ke riƙe da shi ba. Kankare, wato haɗin siminti da yashi da tsakuwa da ruwa, yana da ƙarfin jure nauyin da ya danne shi, amma yana da rauni ƙwarai idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi. Shi ya sa ake shimfiɗa rodi a cikinsa, domin rodin ne ke ɗaukar wannan ja, ya kai nauyin rufin zuwa ga bim (wato dogon kankaren da ke kwance a ƙarƙashin rufi yana tallafe da shi) da ginshiƙai, su kuma su sauke shi a kan tushe. Dekin gidajenmu galibi kaurinsa inci shida ne, kimanin milimita 150, kuma rodunan da ke cikinsa, waɗanda yawanci masu milimita 12 ne, ba don ado aka jera su ba: kowanne yana miƙe ne daga wannan madogara zuwa waccan. Duk wanda ya yanke su a tsakiya ba tare da ya samar wa nauyin wata hanya ba, ya bar abin da ya saura na rufin yana rataye da rabin ƙarfinsa. Bugun guduma kuma yana da tasa ɓarnar dabam, domin girgizar ba ta tsayawa a inda aka buga. Tana haifar da ƙananan tsage-tsage da ido ba ya gani, tana kuma raba kankaren da rodin da ya manne wa, sannan ruwan damina ya bi ta nan ya isa ga ƙarfen. Idan rodi ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya ture kankaren da ke lulluɓe da shi, shi ya sa ake ganin ɓawon rufi yana faɗowa a tsofaffin gidaje, ƙarfe ja ya bayyana a fili.

Domin gyara ɓarnar, injiniyan ya zana sababbin bim da za su kewaye ramin, sannan ya ce dole a daidaita bakin ramin a kuma ɗan faɗaɗa shi, amma ba da guduma ba. Ya kirawo wasu matasa uku da suka koyi aiki a wani kamfanin gine-gine a Abuja, waɗanda yankan kankare shi ne sana'arsu. Na zauna a kujera na kalli aikinsu daga farko har ƙarshe, kuma ban taɓa ganin an yi wa gini irin wannan ladabi ba. Kafin su taɓa komai, babbansu ya ɗauko wata 'yar na'ura mai kamar girman littafi, ya riƙa goga ta a kan dekin, tana yin ƙara duk inda ta bi ta kan ƙarfe, shi kuma yana sa alli yana zana layi, har sai da taswirar rodunan ta fito a saman rufin kamar an buɗe cikinsa. Ta haka ne ma suka gano bututun wayar lantarki da ke binne taƙi ɗaya kacal daga inda leburorin farko suka tsaya. Sai da aka kashe wutar gidan, aka ƙara tokara a ƙasa, sannan suka tayar da injin. Faifan yana juyawa, wani siririn tiyo yana zuba masa ruwa, abin da ke fita daga bakin yankan kuwa wani farin taɓo ne mai kamar kunu, wanda ɗaya daga cikinsu yake tarewa da buhunan yashi yana kwashewa a bokiti. Ba su bar kankaren ya faɗo gaba ɗaya ba. Sun yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa daidai abin da mutum biyu za su iya saukewa da igiya. Da suka gama, na sa hannu na shafa bakin yankan, na ji shi sumul kamar an yanka sabulu, ana ganin tsakuwa da kan rodi a rabe biyu, babu ko tsaga ɗaya a gefe.

Na tambayi babban nasu sirrin faifan, ya ce mini bakinsa ɗauke yake da ɓarɓashin lu'ulu'u, irin wanda ake ƙerawa a masana'anta, kuma a gaskiya ba yanka yake yi kamar wuƙa ba, goge kankaren yake yi a hankali har ya ratsa shi. Ruwan kuma yana sanyaya faifan don kada zafi ya lalata shi, yana kuma kama ƙurar tun kafin ta tashi. Da aka zo huda hanyar bututun banɗakin sama, sai suka ɗauko wani injin dabam mai baki kamar gwangwani, suka kafe shi da noti a jikin dekin, cikin ɗan lokaci ya fito da kankaren a mulmule kamar ƙaramin turmi, ramin kuma daidai kaurin bututun, babu ragi babu ƙari. Na tuna yadda mai aikin famfo ya taɓa fasa mini bangon kicin da kurfi, ya yi rami mai faɗin faranti saboda bututu mai kaurin yatsa biyu, aka cika sauran da ɓaraguzan bulo da ragowar siminti, kuma har yau wurin yana jiƙewa duk damina.

Malam Edita, akwai ɓangaren wannan magana da ya fi tsagewar rufina damuna, shi ne lafiyar yaran da muke sa wa wannan aiki. Duk wanda ya bi ta sababbin unguwanninmu ya ga saurayi a kan tsani yana tsaga bango da giranda a bushe, ƙura ta turnuƙe shi, gashin kansa da girarsa sun yi fari fat kamar wanda ya fito daga injin niƙa, abin da ya rufe hancinsa da shi kuwa bai wuce tsohon ƙyalle ba. Wannan ƙura ba irin ta hanya ba ce. Yashi da tsakuwa cike suke da sinadarin silika, kuma idan faifai ya niƙe su, ƙwayoyin da ke tashi sun yi ƙanƙantar da za su wuce hanci da maƙogwaro su zauna a can cikin huhu, inda suke haifar da tabon da ba ya warkewa. Likitoci suna kiran cutar silikosis, ba ta da magani, tana ɗaukar shekaru kafin ta bayyana, kuma tana sa mutum ya fi saurin kamuwa da tarin tibi, wanda dama yana nan tare da mu. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya wannan ƙura cikin jerin abubuwan da ke jawo ciwon daji tun shekarar 1997. A Amurka, dokar da aka fitar a 2016 ta kayyade cewa kada ƙurar silika da ma'aikaci ke shaƙa ta wuce maikirogiram 50 a kowace kubik mita ɗaya ta iska (wato mita ɗaya a tsawo, da faɗi, da tsayi) a tsawon aikin awa takwas, wanda wani ɗan mitsitsin abu ne da ido ba zai iya gani ba. Mu kuwa a nan, abin da yaran suka gada daga iyayen gidansu shi ne a sha madarar gwangwani bayan an tashi aiki wai don ta wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa tana huhu, ba za su taɓa haɗuwa ba. Abin da ke kare mutum shi ne yanka da ruwa, da takunkumi na ainihi mai tace ƙura, da tabarau, da abin toshe kunne. Ya kamata mai gida ya tuna kuma cewa ƙurar da ta shiga ɗakuna, 'ya'yansa da tsofaffinsa ne za su kwana suna shaƙarta.

Ita kanta girandar an ɗora mata aikin da ba nata ba. Babbar, mai faifan inci tara, zurfin da take iya kaiwa bai kai inci uku ba, wato ko rabin dekin ba ta ratsawa, shi ya sa ake tsaga sama-sama a ƙarasa da guduma. Wasu kuma, don su sami ƙarin zurfi, sai su cire murfin kariyar injin su ɗaura wa ƙaramar giranda babban faifai. Ƙaramar tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, alhali babban faifan an yi shi ne don abin da bai wuce 6,600 ba, kuma idan ya tarwatse a wannan gudu, fuska da wuyan mai riƙe da shi ne a gaba. Haka kuma injin yanka mai amfani da fetur, ko janareton da ake kunnawa saboda rashin wuta, bai kamata a tayar da shi a rufaffen ɗaki ba, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba, kamar yadda muka sha ji a labaran iyalan da suka kwana da janareto a cikin gida.

Ba sai an zo ga babban aiki irin na matattakala ake yin wannan ganganci ba. Mai wayarin yana son hanya mafi kusa, sai ya tsaga ginshiƙi ya binne bututunsa a ciki. Mai sa na'urar sanyaya ɗaki yana huda bim saboda nan ne ya fi masa sauƙi. Mafi yawa kuma a yanzu shi ne mayar da ɗakunan da ke bakin titi shaguna: a rushe bangon gaba a sa ƙofar ƙarfe mai faɗi, ba tare da an tambaya ko wannan bangon yana ɗauke da rufi ba, ba tare da an zuba sabon lintal mai tsawon da ya dace ba, wani lokacin ma da mutane suna zaune a saman benen. Ina ganin irin wannan kusan duk mako a hanyata ta zuwa masallaci, kuma tun da abin ya faru a gidana ba na iya wucewa ban ɗaga kai ba. Garin gyaran gira ake rasa ido, kuma a nan idon ba na mai gida kaɗai ba ne, har da na ɗan haya da na mai wucewa.

Duk lokacin da gini ya rushe, kamar benen da ya faɗi a titin Beirut a nan Kano a watan Agustan 2022, ko makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024, mukan yi jimami, a yi maganar ingancin siminti da rodi da izinin gini, kuma duk wannan daidai ne. Abin da nake so a ƙara a kai shi ne cewa gini yana iya tashi lafiya, a zo daga baya a raunana shi da hannu. Idon hukuma da na jama'a yana kan sabon gini, amma gyaran da ake yi a bayan katanga, a cikin gidan da aka daɗe da tarewa, babu mai ganinsa sai maƙwabcin da ƙarar guduma ta hana shi barcin rana.

Na san abin da wasu za su ce, domin ni ma na faɗe shi a da: ina kuɗin kiran injiniya da masu inji a wannan zamani da buhun siminti ya gagari talaka? Maganar tana da nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Ba kowane aiki ne yake bukatar ƙwararru ba. Wanda zai fasa dakalin ƙofar gida, ko tsohon daɓen tsakar gida, ko katangar da ba ta ɗauke da komai, guduma ta ishe shi, leburan ma ya sami na abinci. Amma da zarar aikin ya taɓa dekin, ko bim, ko ginshiƙi, ko lintal, ko bangon da ke ƙarƙashin bene, to lissafin ya canza. Abin da na kashe wajen tokara da sababbin bim da sake filasta da fenti ya ninka abin da matasan nan suka karɓa sau da yawa, ban da ɗaga bikin da aka yi da kunyar da na sha a wajen surukai. Kuɗin da injiniya zai karɓa don ya zo ya duba ya ce a yanka nan, kada a taɓa can, bai kai na buhunan simintin da za a yi faci da su ba.

Matsalar ta gaskiya ita ce masu wannan sana'a sun yi ƙaranci a wajenmu. Injinan suna hannun manyan kamfanonin da ke yin tituna da gadoji, magidanci kuwa ko ya so ya yi abin da ya dace, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. A nan nake kira ga gwamnatocin jihohinmu da masu hannu da shuni da ke raba wa matasa kayan sana'a, su sa yankan kankare da huda shi cikin lissafinsu, domin gidajen siminti da aka gina shekaru talatin ko arba'in da suka wuce yanzu ne suka kai lokacin gyara, kuma aikin ba zai yanke ba. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa tun 1971, da kwalejojin fasaha da ke ƙarƙashin kulawar hukumar NBTE da ke Kaduna, suna da hurumin tsara gajeren horo na 'yan watanni, a ba wanda ya kammala takardar shaida da mai gida zai iya neman a nuna masa. Majalisar COREN mai rajistar injiniyoyi da CORBON mai rajistar ƙwararrun magina za su taimaka ƙwarai idan suka riƙa wayar da kan jama'a da Hausa a gidajen rediyo, inda magidanta da maginan unguwa suke saurare. Hukumomin tsara birane kuma, irin su KNUPDA a Kano da takwarorinta na sauran jihohi, ina roƙon su samar da hanya mai sauƙi kuma mai araha ta neman izinin gyaran da ya shafi ƙashin gini, domin idan hanyar ta yi tsawo ko tsada, mutane za su ci gaba da yin abinsu a ɓoye. Ko 'yan kasuwar da ke ba da hayar injin kwaɓa kankare da na buga bulo, da za su ƙara da injin yanka mai ruwa da na'urar gano rodi, tare da yaron da ya iya sarrafa su, da sun sami ciniki.

Ga 'yan'uwana magidanta da ke kan gini yanzu, tun ran gini ran zane: a bar gurbin matattakala da na bututu da na waya tun kafin a zuba dekin, ko da benen sai bayan shekara goma za a ɗora shi. A ranar da aka gama ɗaure rodi, kafin a zuba kankare, mai gida ya hau da wayarsa ya ɗauki hoton kowane ɗaki, ya adana tare da zanen ginin a inda yake ajiye takardun fili. Ni ba ni da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa sai da aka bi rufina da na'ura kafin a san abin da ke cikinsa. Wanda kuma zai kira mai yanka, ya tambaye shi tun kafin a yi ciniki yadda zai gano inda rodi da waya suke, da abin da zai tokare rufin da shi, da ko da ruwa zai yanka, da inda taɓon zai tafi, domin idan aka bar shi ya bi magudanar gida yakan daskare ya toshe ta.

Shi kuwa maginina, bayan an gama komai na kira shi muka zauna a zaure, na nuna masa hoton bakin yankan da matasan suka yi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shekara talatin yana wannan aiki ba wanda ya taɓa nuna masa haka, kuma ya roƙe ni in haɗa ƙaramin ɗansa da su ya koya. Yaron yana tare da su yanzu wata na biyar. Ina roƙonka, Malam Edita, ka tura wakilinka ya zaga wuraren da ake irin wannan gyara a unguwanninmu, ya zanta da maginan da leburorin da ke shaƙar ƙurar, ya kuma ji ta bakin injiniyoyi da likitocin ƙirji, a buga mana da Hausa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani magidanci, tsohon malamin makaranta,
Kano.